Haƙarƙari Uku na Baffa Ilu

Na sauka Chennai da hantsi, jaka a kafaɗa, wata babbar ambulan mai ruwan ƙasa a hammata. Ambulan ɗin nan ita ta fara jawo mini wahala a ƙasar Indiya, kuma ban ma yi niyyar zuwa da ita ba. Inna ce ta cusa mini.

Sunana Lawali, mutumin Nahuce ta ƙasar Bungudu. Aikina ɗaukar hoton ƙirji a wani asibiti cikin Gusau, kuma lokacin na shekara goma sha ɗaya ina yi. An turo ni kwas na wata shida in koyi aiki da wata sabuwar na'ura, wadda aka ce tana gano sankarar huhu tun mutum bai fara ko tari ba. Da na ji haka sai da na taɓe baki. Ina ji da idona ƙwarai a lokacin. Na sha faɗa wa yaran sashenmu cewa ko daga bakin ƙofa aka ɗaga mini fim zan faɗi abin da ke ciki.

Cikin ambulan ɗin fim biyu ne na hoton ƙirji, an ɗauke su a wani ƙaramin asibiti kusa da gida, ɗaya da damina, ɗaya bayan kaka. Dukansu da sunan mahaifina, Malam Garba Nahuce. Tun sussukar gero Baba ke tari, gida duk hankali ya tashi. Na ɗaga su a hasken tagar ɗakin Inna, na duba, na ce babu komai, ƙura ce kawai. Inna ba ta yarda ba. "Kai ka duba, na jiya," in ji ta. "Su ma bari su duba. Ba ƙasal likitoci za ka tahi ba?"

Ban gama fitowa daga filin jirgi ba wani siriri mai gashin baki ya tare ni da fara'a, yana ta kirana ɗan'uwa. Ya ce cibiyar da zan je ce ta aiko shi. Da ina da wayo da na lura ba fuskata yake kallo ba, ambulan yake kallo. Baƙar fata da hoton ƙirji a hammata, a wurinsu majinyaci ne ya faɗo daga sama. Ya saka ni cikin keke mai ƙafa uku, muka yi ta kutsawa cikin wani cunkoso da ban taɓa ganin irinsa ba, har muka tsaya gaban wani bene, ƙasansa shagon sayar da tayoyi.

A sama wani mutum mai farar riga ya karɓi ambulan tun ban zauna ba. Ya zaro fim ɗaya ya ɗaga, ya yi ta girgiza kai yana tsaki, ya ce in ba a yi mini tiyata cikin makon nan ba, ba zan ga ƙasata ba. Na leƙa ta bayan kafaɗarsa. Bai-bai ya riƙe fim ɗin.

Na ce, "Likita, a ƙasarku zuciya a dama take?"

Na karɓe kayana na sauko. Mai gashin baki ya ɓace, mai keke ma haka. Ga ni tsaye a titi, gumi ya jiƙa ni har cikin takalmi, duk allon da na kalla rubutunsa wasu 'yan lanƙwashe-lanƙwashe ne da ban san samansu da ƙasansu ba. Ɗakin da dillali ya nuna mini hotonsa tun ina gida, mai taga tana kallon teku, da na buga lambar sai aka ce ba a san da ita ba. Rabona da jin tsoro irin na ranar nan tun ina yaro.

Kiran sallar azahar ne ya cece ni. Na bi muryar lungu-lungu har wani ɗan masallaci mai koren fenti. Bayan an sallame na zauna na rasa inda zan dosa. Wani tsoho mai jan gemu na lalle, da awon tela rataye a wuya, ya tsuguna gabana ya ce, "Najeriya?" Na ɗaga kai. Ya nuna kansa ya ce Yusufu. Turancinsa bai fi cikin cokali ba, ni kuma ban san ko kalma ɗaya ta harshensu ba, amma kafin la'asar ina da ɗaki a saman shagon ɗinkinsa, da tabarma, da fanka mai ƙara kamar injin niƙa. Shi ya raka ni cibiyar washegari da ƙafarsa, ya tsaya sai da ya ga an rubuta sunana.

Abinci ya ba ni kashi a makonnin farko. Shinkafa da safe, shinkafa da rana, shinkafa da yamma, kowacce da tsami da wani yaji mai hawa kai. Na rame har wandona ya fara zamewa. Wata rana na zauna ina kwatanta wa Yusufu tuwo da hannu, ina tuƙa iska da muciyar da babu, ina mulmulawa. Ya yi ta dariya har da riƙe ciki. Bayan kwana biyu matarsa ta aiko da kwano a rufe. Na buɗe, sai ga malmala guda, baƙa-baƙa, tana tururi. Tuwon tamba ne. Ashe su ma mutanen ƙauyensu suna yi. Miyar ba ta kama hanyar kuka ba ko kaɗan, amma na cinye tas, kuma ba zan ɓoye ba, hawaye na zuba cikin kwanon ina ci.

Malamarmu a cibiyar sunanta Dakta Lakshmi. 'Yar ƙaramar mace ce mai furfura, tsawonta bai wuce kafaɗata ba. A bakin ƙofar ɗakin duba hotuna take cire takalminta, kamar za ta shiga ɗakin surukai. Ban taɓa jin ta ɗaga murya ba, amma in ta yi shiru ta kalli mutum ta saman tabarau, sai ya ji da ma dukansa ta yi.

Ita ta fara nuna mini na'urar siti, wadda ba hoto ɗaya take ɗauka irin namu ba. Mutum zai kwanta, ta zagaye shi, ta fitar da ƙirjinsa yanka-yanka kamar burodi, a bi a duba ɗaya bayan ɗaya. Sai kuma abin da na zo dominsa, manhajar da ke cikin kwamfuta, wadda suke kira ƙirƙirarriyar basira. Likitoci ne suka yi ta nuna mata hotunan ƙirji iri-iri, masu lafiya da marasa lafiya, har ta koyi rarrabewa. Kafin mutum ya gyara zama ta bi huhun duka, ta zagaye duk wani ɗigon da ba ta yarda da shi ba, ko da bai fi ƙwayar dawa ba. Ta auna girmansa. In akwai hoton bara ta jera su, ta ce ya ƙaru ko bai ƙaru ba.

Dakta ta ce mana wannan ciwo ba ya magana yana ƙarami. Ranar da mutum ya fara tari da jini, sau da yawa ya riga ya yi nisa. Tana faɗa ina tuno wasu fuskoki. Dattawan da na ɗauka hoto a Gusau, aka ɗora su kan maganin tarin fuka wata da watanni ba sauƙi, daga baya ɗansu ya zo karɓar takarda ya ce ai Baba ya rasu. A wurinmu duk tarin da ya daɗe tarin fuka ne har sai ƙasa ta rufe ido.

Abin ya burge ni, amma girman kai bai bar ni na nuna ba. Na ce mata siti dai na yarda, amma hoton ƙirji irin namu ba na bukatar kwamfuta ta koya mini. Ta ce ita ma ta san hoton ƙirji ba ya kama ƙafar siti, sai dai a inda babu siti, manhajar na taimakawa a tsamo wanda ya kamata a tura gaba. Sai ta haɗa mu gasa. Ta jera mini tsofaffin hotunan da aka riga aka san ƙarshen masu su, in duba in rubuta, sannan a ba na'ura. Na sha kunya ranar. Akwai waɗanda na wuce da gudu na ce lafiya lau, ta zagaye musu ɗigo a bayan ƙashi ko a gefen zuciya. Amma can sai ta zagaye wani abu a ƙirjin wani mutum, na duba da kyau na ga inuwar maɓallin riga ce. Na miƙe tsaye ina nunawa kamar na ci kofi.

Dakta ta bar ni na gama murnata, sannan ta ce, "Ita ba ta gajiya, ba ta jin yunwa, ba ta sauri ta tafi gida. Kai kuma ka san maɓalli, ka san mutum. Shi ya sa har yanzu ban kori ko ɗayanku ba."

Duk wannan lokaci ambulan tana ƙarƙashin tabarmata. Tun abin da ya faru a benen masu tayoyi na tsane ta. Kuma a ƙasan raina ina tsoron a ga abin da ban gani ba a ƙirjin mahaifina. In na gama aiki da magariba, gida azahar ce, sai in buga wayar Baba. Shi kuma ba ya kara waya a kunne, sai ya buɗe murya ya ajiye ta kan tabarma, gida duka na ji. Kullum Inna sai ta jefo tambaya daga nesa: "An duba?" Kullum in ce ana kan layi. Wata biyu ina wannan ƙarya.

Ranar da na gaji da kaina na kai ambulan ɗin. Dakta ta sa aka shigar da fim ɗin biyu cikin kwamfuta, ta jawo mini kujera kusa da ita. Na damina ya fara fitowa. Ban ƙifta ido ba na ga zobe ya bayyana a saman huhun dama, daidai inda ƙashin da ya gitta daga wuya zuwa kafaɗa ya haɗu da haƙarƙari. Da aka zagaye shi sai ya fito sarai, har na rasa yadda aka yi ban gan shi ba a tagar Inna. Sai na bayan kaka ya fito. Babu zobe. Huhu fes.

Na yi hamdala da ƙarfi. Na ce, "Ya ɓace! Dakta, kin gani? Majina ce kawai, ta wanke."

Ta jera hotunan gefe da gefe, ta ƙara musu girma. Ashe a na damina na'urar ta sa wata 'yar alama ta biyu, can ƙasa ta hagu, wadda ban ko kalla ba don idona na kan zobe. Ta ɗora bakin biro a wurin. Haƙarƙari uku a jere, kowanne da ɗan kumburi a tsakiya, irin na ƙashin da ya karye tun da daɗewa ya ɗoru da kansa. Ta matsar da biron zuwa ɗaya hoton. Haƙarƙarin nan sumul suke.

"Ƙashin da ya karye ya warke yana barin gaɓa har ƙarshen rai," in ji ta. "Ba ya gogewa cikin wata huɗu. Lawali, waɗannan mutum biyu ne."

Raina ya ɓaci. Na ce suna ɗaya ne, lamba ɗaya ce, ambulan ɗaya. Ina cikin faɗa sai na hango katin asibitinmu a raina. Wani ɗan kati ruwan hoda da ya sha hannu, yana zaune cikin gwangwanin madara a kan gadon Inna. Katin gida. A wurinmu buɗe sabon kati wuni guda ne a layi, don haka duk wanda jikinsa ya motsa sai ya ɗauki wanda ke akwai. A kira Malam Garba, wanda ke riƙe da kati ya amsa. Ni kaina sau nawa na kira sunan da aka rubuta wa shekara sittin, saurayi ya miƙe, na yi dariya na ce shigo? Ban taɓa ɗaukar abin a bakin komai ba.

Na kwashe duka na faɗa wa Dakta, kaina a ƙasa. Ta cire tabarau ta goge da gefen mayafinta. Ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi. Ta ce, "To mahaifinka mai tari, in na bayan kaka nasa ne, ban ga abin tsoro a ciki ba. Amma akwai wani a gidanku yana yawo da wannan, bai sani ba, kuma hoton ya haura wata bakwai. Wa ya taɓa karya haƙarƙari uku?"

Na ce babu kowa. Na sake cewa babu kowa. Sai na tuna Baffa Ilu.

Baffa Ilu ƙanen Baba ne, gida ɗaya, gona ɗaya. Da yake ni ɗan fari ne, Baba ba ya kiran sunana, ba ya wasa da ni, don haka a hannun Baffa na tashi. Shi ke ɗora ni a wuya zuwa gona, shi ya kai ni makaranta ranar farko. Ina shekara bakwai aka sayo wani jan sa na huɗa daga kasuwar Tsafe, mai zafin kai. An gargaɗe ni kada in bi masa ta baya. Wata rana da rana tsaka, ba kowa a turke, na ɗauki kara na tsokane shi ta baya. Ya tsinke igiya ya juyo. Abin da na tuna kawai shi ne an fizge ni an jefar gefe, sai na ji wani tim, na ga sa ya haɗa Baffa da katanga. Baffa ya daɗe kafin ya miƙe. Ya kakkaɓe rigarsa, ya ɗaure san, ya duƙo da ƙyar ya ce mini, "Kak ka hwaɗa ma kowa." Baba mai saurin hannu ne a lokacin, da ya ji da na yaba wa aya zaƙinta. Bayan nan Baffa ya yi makonni yana kwana a zaune, yana cewa sanyi ne ya kama masa gefe. Na taɓa leƙa shi yana naɗe ƙirjinsa da tsohon rawani a ƙarƙashin riga. Yaro ne ni, da ya daina ɗingishi sai na manta.

Da magariba na buga waya. Na tambayi Baba wa ya je asibiti da katinsa da damina.

"Ilu na," in ji shi. "Ɗan tari yay yi, anka ba shi magani yaw warke. To mi? Kati ba na gida na ba?"

Na ce a kira mini Baffa. Ya zo yana haki, daga kai taki gona yake. Na yi masa bayani a hankali, na ce an ga wani ɗigo a huhunsa, ba a tabbatar ko mene ne ba, amma dole a kai shi babban asibiti mai siti, cikin makon nan.

Dariya ya yi. "Ni? Ni da ba ni tari? Garba ka tari, shi za a duba. Lahiyata lau, Lawali. Jiya buhu shida nik kai gona da kaina."

Na ce ai ciwon haka yake, ba ya nuna kansa.

"Injin Indiya ina yas san ni? Ko sunana bai sani ba, Garba yaka ce min. Bari ruwa shi sauka, mu yi shuka, in ka dawo mu gani."

Kwana huɗu ina bugawa. Na roƙa, na yi fushi, na haɗa shi da Allah. Rana ta uku ma da ya ji wayata ce sai ya fice. Dakta kuwa, kowace safiya in na shigo takan ɗago kai ta dube ni, in girgiza kai, ta mayar da ido kan aikinta. Na daina cin abinci. Yusufu ya ga halin da nake ciki, ya rufe shago da la'asar ya ja ni bakin teku. Muka zauna kan yashi. Ruwan da na daɗe ina son gani, ga shi har iyakar ido, amma tunanina ɗaya ne. Mutumin da ya tare mini sa zai mutu, kuma ni na riƙe hotonsa a hasken taga na ce babu komai.

A nan bakin ruwan na gane abin da ya rage mini. Na san wayar a buɗe za ta kasance, Baba da Inna na ji. Na san kuma alkawari ne na shekara talatin. Washegari na ce wa Baba ya riƙe mini Baffa ko da ƙarfi ne.

Na ce, "Baffa, ba ɗigon kaɗai injin yag gani ba. Ya ga haƙarƙari ukku sun taɓa karyewa. Hagu, daga ƙasa."

Ta cikin wayar ina jin kaji, ina jin wata na daka a maƙwabta.

Baba ya ce, "Wane haƙarƙari?"

Baffa bai kula shi ba. Muryarsa ta sauka ƙasa. "Kai kah hwaɗa mishi?"

"Wallahi ban hwaɗa ba. Ni kaina ban san sun karye ba sai da yan nuna min."

"Ukku yac ce?"

"Ukku."

Ya ja numfashi. "Ukku na. Ni kaɗai nis san ukku na, don ni ka taɓa su." Sai ya ce, "To abin da yag ga wanga, ta cikin riga, bayan shekara talatin, ba ni musu da shi. Yaushe za a tahi?"

Sai Baba ya fashe. Dole na ba da labarin jan sa daga farko har ƙarshe, ni da gemuna, ina rawar murya kamar yau abin ya faru. Baba ya yi ta salati. "Ilu! Sanyi kac ce min! Har sassaƙe nij jiƙa maka!" Inna na kuka, Baffa na cewa a bar maganar ta wuce. Ni kuma ina tsugune a saman shagon tela a wata duniya, ina dariya ina share ido.

Wani abokin aikina a Gusau ya shirya musu takarda zuwa babban asibiti a wata jiha. Suka bi motar safe, yadda kowa ke yi yanzu a hanyoyinmu. A wurin buɗe kati, abokin nawa ya ce da idonsa ya ga Baba ya zaro katin gida daga aljihu zai miƙa, sai da ya riƙe masa hannu.

Da aka yi sitin aka turo mini hotunan. Na zauna a kujerar nan kusa da Dakta, na shigar da ƙirjin Baffana cikin na'ura da hannuna. Ta zagaye ɗigon, ta auna. Ya fi yadda yake da damina. Muka bi sauran huhun yanka bayan yanka, ita da idonta, ni da nawa, na'ura da nata. Ba mu ga wani ba. Dakta ta ce, "Shi kaɗai ne, kuma a inda wuƙa za ta kai." Likitocin can gida suka tsakuro ɗan nama suka auna, suka tabbatar sankara ce, suka sa ranar aiki.

Ranar da aka shiga da Baffa tiyata ban iya zama ba. Na yi ta zagaye harabar cibiyar har mai gadi ya fara kallona. Yusufu ya sa an yi addu'a a ɗan masallacinsu, mutanen da ba su san inda Nahuce take ba suna ta amin. Dakta ta wuce ni a baranda ta ce ita ma ta roƙa masa irin nata roƙon. Na yi mata godiya har zuciyata. Ana kiran magariba wayar Baba ta shigo. An cire wani sashe na huhun dama, ya farfaɗo, wai abin da ya fara tambaya ko an ba shanu ruwa.

Na ƙarasa kwas ɗina ba tare da na sake yi wa na'ura gardama don girman kai ba, sai in ina da hujja. Ranar sallama na je gaban Dakta Lakshmi na cire hulata na ba ta. Ta karɓa da hannu biyu. Yusufu ya ɗinka mini riga, hannun ya yi mini gajere, har yau ina sa ta.

Yanzu na koma sashena a Gusau. Siti ba mu da ita. Manhajar dai an sa mana a kwamfuta guda, tana aiki in akwai wuta. Kafin kowa ya tsaya gaban injina sai na tambaye shi, "Katin ga naka na?" In ya fara sosa ƙeya sai in mayar da shi layi. Sun sa mini suna mai tsanani, wata tsohuwa daga Wanke har ta ce Indiya ta lalata ni. Na ce na ji, a je a buɗo kati.

Ranar da na isa Nahuce gero ya kai gwiwa. Na tarar da Baffa zaune a gindin bishiyar bedi kusa da turke, ya rame, in ya yi magana mai tsawo sai ya tsaya ya huta. Bayan mun gaisa ya cire hularsa, ya zaro wani abu naɗe cikin leda, ya warware a hankali. Katin asibitinsa ne.

"Sun ce sunana na nan. Karanta in ji."

Na karanta. "Iliyasu Muhammadu, Nahuce."

Ya sa na maimaita. Ya naɗe, ya mayar cikin hula. "Wanga ba ni ara ma kowa," in ji shi. "Ko Garba."

Sai ya kamo hannuna ya cusa ta ƙarƙashin rigarsa. Na zaci tabon tiyata zai nuna mini, amma hagu ya kai ni, can ƙasa. Na ji su a ƙarƙashin yatsuna, ɗaya, biyu, uku.

"Shekara talatin ina ɓoyonsu don kak a buge ka," ya ce. "Ashe su ka riƙe da sunana."

Na kasa ɗauke hannuna. Ya bar ni na ɗan lokaci, sannan ya ture ni da gwiwar hannu ya nuna turke da haɓa.

"Tashi, san can ya kwance, kamo min shi." Na miƙe ina goge fuska. Na yi taku biyu ya kira ni. "Lawali. Ta gaba. Kak ka bi mishi ta baya."